Yadda ake aiki da haruffa marasa ƙafa masu gwaɓi da karkata

Kowane cikakken zubin haruffa, wato abin da kwamfuta ke kira font, yana zuwa da fuska huɗu: ta yau da kullum, mai gwaɓi, karkatacciya, sai ta huɗu wadda ta haɗa gwaɓi da karkata. A jerin manhaja za ka ga an rubuta mata Bold Italic ko Bold Oblique. Idan zubin na sans serif ne, wanda haruffansa ba su da 'yan ƙafafun nan da ake gani a bakin sandunan Times New Roman, to wannan fuska ta huɗu ta fi sauran ɗaga murya. Tana da amfani ƙwarai, amma a wurare ƙalilan, kuma yawancin munin da ake gani a fosta da bana daga rashin sanin wuraren ya samo asali.

Abin da idonka ke kallo

Harafi marar ƙafa sandunansa kusan kauri ɗaya ne, bakinsu a datse. An fara zuba irinsa don ɗab'i a Landan a 1816, a gidan William Caslon na huɗu. Daga baya aka sami Akzidenz-Grotesk a Jamus a 1898, Futura ta Paul Renner a 1927, Helvetica da Univers a 1957, sai Arial a 1982.

Gwaɓi kuwa ana auna shi da lamba. Rubutun yau da kullum 400 ne, mai gwaɓi 700, akwai 600 a tsakani, akwai 800 da 900 a sama. Mai zana zubi ba kumbura harafi kawai yake yi ba. Yana faɗaɗa shi kaɗan, ya bar sandunan kwance ba su kai na tsaye kauri ba, ya kuma kiyaye ramin da ke cikin a, e, o da g kada ya toshe.

Karkatar tana kaiwa digiri 8 zuwa 14 a yawancin zubi, ta Helvetica 12 ce. A digiri 12, harafin da tsayinsa ya kai santimita 10 kansa zai gota zuwa dama da kusan santimita 2. Ka riƙe wannan lissafi, zai yi maka amfani wajen auna gefe.

Karkata iri biyu ce, kuma ya kamata ka iya bambanta su da kallo ɗaya. Akwai rubutun tsutsa na ainihi, wanda asalinsa rubutun hannu ne, Aldus Manutius ya fara buga littafi da shi a Benis a 1501. A irin wannan, surar harafin kanta tana canzawa. Akwai kuma wanda aka kishingiɗar da harafin tsaye kawai aka gyara masa lanƙwasa. Rubuta ƙaramin a ka duba. Idan ya koma zagaye da sanda ɗaya kamar na rubutun hannu, tsutsa ce ta ainihi, irin ta Gill Sans da Calibri da Open Sans. Idan yana nan da rumfarsa a ka sai dai ya jingina, na biyun ne, irin na Helvetica da Arial da Roboto. Na farkon ya fi taushi, ya dace da zancen mutum da aka ciro aka ƙawata. Na biyun ya fi nuna gudu da ƙarfe da inji.

Mataki na 1: tabbatar aikin yana bukatarsa

Ido yana fassara karkata zuwa dama a matsayin motsi, gwaɓi kuma a matsayin nauyi. Shi ya sa ake yawan ganin wannan salo a rigunan wasanni, jikin motocin kai saƙo, tallan tsere da kanun mujallun motsa jiki. Haruffan sunan Nike daga Futura mai gwaɓi a karkace suka fito, tambarin kamfanin tufafi na Supreme ma Futura ne fari a kan ja, kuma tun kafin shi mai fasahar nan ta Amurka, Barbara Kruger, ta yi suna da gajerun jimloli cikin Futura Bold Oblique a kan hotuna baƙi da fari. Abin lura a nan, duka ukun kalmomi kaɗan ne.

Cikin littafi ko rahoto, wurin da ya fi cancanta shi ne inda doka ta tilasta. Kanu yana da gwaɓi, a cikinsa kuma akwai sunan jarida ko sunan kimiyya na wata shuka, wanda ƙa'ida ta ce a karkatar. Nan ba ka da zaɓi sai fuska ta huɗu. Yana kuma aiki a ƙaramin kanu na mataki na uku, da kalmar gargaɗi guda ɗaya a farkon sakin layi cikin littafin sarrafa na'ura. Masu lissafi da kimiyyar fiziks suna da nasu amfanin daban: ƙa'idar ISO 80000-2 ta ware wannan salo don rubuta alamar tensa, wato wani nau'in adadi a babban lissafi.

Kada ka zuba shi a sakin layi guda. Bayan layi biyu ko uku ido yana gajiya, domin gwaɓi ya rage farin da ke cikin haruffa, karkata kuma ta matse su. Haka nan ka nisantar da shi daga sharuɗɗan yarjejeniya, umarnin shan magani, da jadawalin lambobi inda ake son alƙaluma su jeru ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Masu fama da matsalar tantance haruffa wajen karatu sun fi shan wahala da rubutun karkace, shi ya sa jagororin da ake rubutawa dominsu suke cewa a yi amfani da gwaɓi tsaye idan ana son jan hankali. Ma'auni mai sauƙi: kalma ɗaya zuwa takwas. In ya haura haka, sake tunani.

Mataki na 2: samo fayil na gaske

Nan ne aka fi yin asara. Idan ka danna B da I a manhaja alhali zubin ba shi da fuska ta huɗu, kwamfuta ba za ta ce maka babu ba. Za ta ƙirƙiro na jabu: ta lafta wa harafin kauri ta kowane gefe, sannan ta tura kansa dama. Tahoma fuska biyu kawai gare ta, ta yau da kullum da mai gwaɓi. Impact ɗaya ce tak. Oswald da Bebas Neue ba su da karkatacciya. Duk inda ka ga waɗannan a kishingiɗe, inji ne ya tura su.

Ga yadda za ka kama na jabu. Rubuta OVA da manyan baƙaƙe, ka ƙara girmansu zuwa 150 ko fiye. A na jabu, O zai yi kumburi a sama ta dama da ƙasa ta hagu, ya rame a sauran kusurwoyi biyun. V zai yi kauri a sandar hagu, ta dama ta sirance. A kuma akasin haka. Dalili shi ne turawar tana miƙar da duk sandar da ta riga ta jingina dama har ta yi siriri, tana kuma dunƙule wadda ta jingina hagu. Mai zana zubi yana bin waɗannan wurare ɗaya bayan ɗaya da hannu yana daidaitawa, inji ba ruwansa. Gwaɓin jabu kuma za ka gane shi da ƙaramin e: ramin ya kusa rufewa, kusurwoyi sun dakushe, haruffa suna gogar juna domin ba a ƙara musu fili ba.

Don haka kafin ka fara, buɗe jakar zubin ka ga fayil mai suna BoldItalic ko BoldOblique, mai ƙarewa da .ttf ko .otf. A Windows ka danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Install, a Mac ka danna sau biyu Font Book ya buɗe. Rufe manhajar da kake aiki da ita ka sake buɗewa, in ba haka ba ba lallai ta gan shi ba. Wasu gidajen lamba suke sa wa fuskokinsu: a Univers, tsarin da Adrian Frutiger ya kawo, 55 ce ta yau da kullum, 56 karkatacciyarta, 65 mai gwaɓi, 66 kuma ita ce wadda muke magana a kai.

Open Sans, Roboto, Lato, Montserrat da Noto Sans duk suna da ita, kuma kyauta ne a Google Fonts har don aikin kasuwanci. Helvetica da Futura na sayarwa ne, kuma lasisin ɗab'i daban yake da na shafin intanet. Karanta takardar lasisi kafin ka sa zubi a tambarin wani.

Mataki na 3: gwada haruffa masu ƙugiya

Zubi da yawa, har da masu tsada, ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Wani lokaci ma fuskar yau da kullum tana da su, ta huɗun ba ta da su. Abin da ke faruwa shi ne manhaja ta aro harafin daga wani zubi ba tare da ta sanar da kai ba, sai ka ga kalma kamar ƙarfi ta fito da siririn ƙ a tsaye ƙyam, sauran haruffa huɗun suna kishingiɗe da kaurinsu. A wata na'urar kuma akwati ne zai fito a gurbinsa.

Rubuta wannan layi cikin fuskar da ka zaɓa: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ, ka bi shi da B b D d K k Y y. Kauri da karkata dole su zo ɗaya. Sannan ka duba ƙugiyar kanta. Ta Ɓ da Ɗ tana leƙowa ta hagu, don haka tana iya taɓa harafin da ya gabace ta idan duka manyan baƙaƙe ne. Ta ƙ da ɗ tana lanƙwasowa dama a sama, daidai inda karkata ke tura ta, sai ta yi karo da ɗigon i ko kan k da ke biye. Gwada ɗinki, ƙirƙira da haɗɗa. Noto Sans da Andika an zana su da harsunan Afirka a zuciya, su ne wurin farawa mafi aminci.

Tun da kana kan gwaji, ƙara da Il1 da O0. A yawancin zubi marasa ƙafa babban I da ƙaramin l tagwaye ne, karkata kuma tana ƙara rikita su da alamar /. Idan rubutun lambar sirri ce ko lambar kaya, nemi wani salo.

Mataki na 4: sa shi a manhaja

A Word da Google Docs, zaɓi kalmar ka danna Ctrl da B, sannan Ctrl da I. Idan kanu ne da zai maimaitu, kada ka riƙa bi kana yi da hannu. Gyara ɗaya, ka ajiye shi cikin Styles, ranar da ka canza ra'ayi sau ɗaya za ka taɓa duka su canza.

A InDesign, Illustrator da Photoshop, daga jerin fuskoki za ka zaɓa. Photoshop yana da maɓallan Faux Bold da Faux Italic, InDesign yana da akwatin Skew. Duka na jabu suke haifarwa, ka bar su a kashe.

A shafin intanet layi biyu ne cikin CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi: font-weight: 700 da font-style: italic. Amma sai ka loda fayil ɗin wannan fuska takamaimai, domin idan ta yau da kullum kaɗai ka loda, burauza za ta ƙirƙiro sauran. Wajen ɗauko zubi daga Google Fonts ka tabbatar adireshin yana ɗauke da 1,700 a jerin ital,wght. Ƙara font-synthesis: none lokacin gwaji. Da zarar ka sa shi, duk inda fayil ya ɓace rubutun zai tsaya tsaye, ka gane nan take. A WhatsApp kuma, ka kewaye kalmar da layin ƙasa, sannan ka kewaye duka da tauraro.

Akwai wata hanya da ta yaɗu wadda ya kamata a yi hattara da ita. Wasu shafuka suna juya maka suna zuwa haruffa masu gwaɓi da karkata da za ka kwafa ka manna a Facebook ko Instagram. Waɗannan alamomin lissafi ne da aka shigar cikin Unicode a 2001, daga U+1D63C zuwa U+1D66F, guda 52: manyan baƙaƙen Latin 26 da ƙanana 26. Babu masu ƙugiya a cikinsu, babu alƙaluma a karkace. Wanda ya nemi sunanka da haruffan yau da kullum ba lallai ya same ka ba, manhajar da ke karanta wa makafi rubutu tana iya tsallake su ko ta riƙa kiran sunan kowace alama ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar waya kuma akwatuna za ta nuna. Don ado na kalma ɗaya ba laifi. Sunan kasuwanci ko sanarwa mai muhimmanci, a'a.

Mataki na 5: girma da tazara

A takarda, kada ka sauka ƙasa da poyin 10, wato lambar girman harafi a manhaja, don ramukan haruffa suna fara cikewa. A fuskar waya ko kwamfuta, fara daga fiksel 18. Allon da za a karanta daga nesa kuwa, masu aikin suna bin ƙiyasin santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3, wato allon da ake son a karanta daga mita 30 yana son harafin santimita 25. Ga karkataccen rubutu ka ɗan ƙara a kan haka.

Tazarar haruffa a manhajojin Adobe ana auna ta da kashi ɗaya cikin 1000 na girman zubin. Idan duka manyan baƙaƙe ne, buɗa su da +20 zuwa +50. Ƙananan baƙaƙe a ƙaramin girma, +10 ya isa. Babban kanu da ya haura poyin 60 kuma yakan so a ɗan matse shi, kamar -10, amma ka tsaya tun kafin r da n su haɗe su zama m, abin da ke saurin faruwa a wannan salo fiye da kowane. A Word, Ctrl da D zai buɗe akwatin Font, a shafin Advanced ka sa alama a Kerning, domin a yawancin tsofaffin Word a kashe yake zuwa. Bayan haka ka bi da ido a kan Ta, Ya, Wa, AV da LT, inda rami ke buɗewa.

Kanu mai layi biyu yana son tazarar layi ta kashi 110 zuwa 120 cikin 100 na girmansa: poyin 40 a kan 44 zuwa 48. Idan akwai ƙ ko ɗ a layin ƙasa da g ko y a na sama, ɗauki babbar lambar.

Mataki na 6: gefe da alamomin rubutu

Harafi karkatacce yana fita daga akwatinsa. Na ƙarshe a layi, musamman f, d, l, T ko alamar motsin rai, kansa yana leƙawa dama, kuma wasu manhajoji suna datse abin da ya leƙa. A shafin intanet ƙara ɗan fili na 0.1em zuwa 0.15em, wato kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na girman zubin, a dama yana magance shi. A maɓalli ko akwati mai launi, rubutun da aka sa a tsakiya da lissafi yakan yi kamar ya zame dama, sai ka ja shi hagu da fiksel ɗaya ko biyu har ido ya yarda.

Inda karkatacciyar kalma ta haɗu da ta tsaye, duba mahaɗar. Kan harafin ƙarshe yana cinye tazarar da ke bayansa, ta gabansa kuma ta yi kamar ta yi yawa. Baka biyu da alamar zance su ne suka fi karo: idan baka ta tsaye ce, d ko f zai soke ta. Ka karkatar da bakan duka biyu tare da abin da ke ciki, ko ka sa siririyar tazara kafin ta rufewa. Waƙafi da aya da ke manne da kalmar su bi salonta.

Idan zanen yana da layuka ko akwatuna masu jirge, daidaita su da karkatar harafin, digiri 12 da 12. Bambancin digiri uku ko huɗu ido yana ganinsa ko da mai kallo bai san abin da ya dame shi ba. Wata dabara kuma: juya layin rubutun ya haura sama ta dama daidai da digirin karkatarsa. Sandunan za su miƙe tsaye, layin kuma ya riƙa hawa. Kada ka juya shi ya gangara, zai yi kamar yana faɗuwa.

Mataki na 7: launi da abokin zama

Ƙa'idar WCAG ta shafukan intanet tana neman bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1. Rubutu mai gwaɓi da ya kai poyin 14 ana lissafa shi babba, 3 bisa 1 ya wadatar masa. Fari a kan baƙi a fuskar na'ura yana ƙyalli har ya yi kamar ya fi kaurinsa, don haka sauko daga 700 zuwa 600 idan zubin yana da ita.

Tunda an riga an haɗa gwaɓi da karkata, kada a ƙara ja masa layi, ko inuwa, ko zagaye shi da wani launi. Sauran rubutun shafin ya zama tsaye, marar nauyi, daga gida ɗaya ko daga zubi mai ƙafa irin Georgia. Zubi biyu karkatattu daga gida daban a shafi ɗaya ba sa jituwa, domin da wuya digirinsu ya zo ɗaya.

Mataki na 8: kafin a kai maɗaba'a

Ƙaramin baƙin rubutu a yi shi da baƙar tawada kaɗai, K 100. Idan aka haɗa shi daga launi huɗu, gocewar faranti ko ta gashi ɗaya ce za ta bar ja ko shuɗi a gefen haruffa, kuma a sandar karkace abin ya fi fitowa. Takarda mai shan tawada, irin ta jarida, tana ƙara wa harafi kauri, sai ramin e da a ya cike. A nan ka ƙara girma ko ka rage gwaɓi. Farin rubutu a kan bango mai duhu kuwa akasin haka ne, tawada ce ke cin gefensa, don haka gwaɓin yana taimaka masa.

Wajen yankan sitika, karkata tana haifar da kusurwoyi masu tsini a A, N, W da Z, kuma su ne ke fara ɗagowa. Ɗan dakusar da tsinin kafin a yanka. A ɗinkin inji a kan riga ko hula, harafin da bai kai milimita 6 ba zare zai toshe shi.

Fitar da aikin a PDF, ka buɗe shi a Acrobat, ka shiga Properties sannan Fonts. Sunan fuskar ya fito da BoldItalic ko BoldOblique a jikinsa, tare da alamar an cusa shi cikin fayil. Idan sunan ta yau da kullum kaɗai ka gani, na jabu ne ya shige maka, kuma injin maɗaba'a yana iya buga shi tsaye ko da gefe biyu-biyu. Ga tambari da bana, mayar da haruffan zane: Ctrl, Shift da O a Illustrator, Ctrl da Q a CorelDRAW. Ajiye kwafi ɗaya tukuna, domin bayan an mayar ba a iya gyara ko harafi ɗaya. Daga nan ka buga gwaji a ainihin girmansa, ko da ɓangare ɗaya ne na banar a takardar A4, ka manna a bango ka ja baya zuwa nisan da za a karanta shi.